Me Ke Mayar Da Mutane Ga Tsofaffin Wasanni, Kuma Wa Ke Da Gem Ɗin Da Ka Saya?

Me zai sa magidanci mai shekara arba'in, wanda wayar aljihunsa ta ninka kwamfutocin shekarun 1990 ƙarfi sau ba adadi, ya raba dare yana neman gem ɗin da ya buga yana ɗan shekara goma? Me kuma ya sa a zamanin da kowa ya sunkuyar da kai a kan sikirin, wasannin da ake bajewa a tebur, masu allo da katuna da 'yan guntayen katako, suke ƙara samun masoya? Amsar da ta fi saurin zuwa baki ita ce ƙuruciya ce ta ƙi sakin mutane. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Sai dai ƙuruciya kaɗai ba za ta sa mutum sama da miliyan ɗaya su sa hannu a takardar koke zuwa ga Tarayyar Turai ba, kuma hakan ta faru a 2025, a kan gem. Ruwa ba ya tsami banza.

Abin da ya tayar da ƙurar

A ƙarshen 2014 kamfanin Ubisoft na Faransa ya fitar da wani gem na tseren mota mai suna The Crew. Mutane suka saya da kuɗinsu, wasu ma a faifai cikin kwalinsa. Amma gem ɗin ba ya tashi sai ya haɗu ta intanet da manyan kwamfutocin kamfanin, waɗanda ake kira sabar, ko da kuwa mutum shi kaɗai yake son ya yi tuƙinsa. A ƙarshen Maris 2024 kamfanin ya kashe sabar. Tun daga ranar faifan da ke hannun mai shi ya koma madubi, ka kalli fuskarka a ciki ka mayar kwali.

Wani Ba'amurke mai yin bidiyo a YouTube, Ross Scott, ya ja ragamar wani gangami mai suna Stop Killing Games, wato a daina kashe wasanni. Ba su ce kamfani ya riƙe sabar har abada ba. Abin da suka nema shi ne, ranar da kamfani zai janye hannu, ya bar gem ɗin a yanayin da wanda ya saya zai iya ci gaba da bugawa. A ƙa'idar Tarayyar Turai, idan 'yan ƙasashenta miliyan ɗaya suka sa hannu a irin wannan koke, wajibi ne hukumar zartarwarta ta duba ta ba da amsa. A Yulin 2025 suka haye miliyan ɗin.

Tun kafin nan, a 2023, wata gidauniyar adana tarihin gem a Amurka, Video Game History Foundation, ta fitar da binciken da ya nuna cewa kashi 87 cikin 100 na wasannin da aka fitar a ƙasar kafin 2010 sun fita daga kasuwa, babu inda za ka saye su sababbi. A Maris na 2023 ɗin kuma kamfanin Nintendo ya rufe shagunansa na intanet na na'urorin Wii U da 3DS, wasannin da a can kawai ake samunsu suka bi shagon. Masu nema suna ƙaruwa, ƙofofin suna rufuwa.

Mece ce kewar tukuna?

Kalmar da Turawa ke kiran wannan yanayi na kewar abin da ya wuce da ita, wato nostalgia, ta fara ne a matsayin sunan cuta. A 1688 wani ɗalibin likitanci a jami'ar Basel, Johannes Hofer, ya haɗa kalmomin Girkanci biyu, ɗaya mai nufin komawa gida, ɗaya mai nufin raɗaɗi, don ya bayyana ciwon da ke kama mutanen Suwizalan da suka yi nisa da gida, musamman sojojin haya. Tun asali ke nan maganar wuri ce da mutanen cikinsa.

Masu nazarin halayyar ɗan Adam sun daɗe da lura cewa idan ka ce wa dattijo ya ba ka labarin rayuwarsa, mafi yawan abin da zai tuno ya faru ne tsakanin shekara goma zuwa talatin. Waƙar da ya ji a lokacin, ƙwallon da ya kalla, wasan da ya yi, su ne suke zama ma'auninsa na komai. To, yi lissafi. Cikin na'urorin buga gem, Famicom ta Nintendo ta fito a Japan a 1983, Mega Drive ta Sega a 1988, Game Boy a 1989, PlayStation a ƙarshen 1994, PlayStation 2 a 2000. Macijin nan na wayar Nokia, Snake, ya fara bayyana a 1997. Yaran da suka tashi da waɗannan su ne yau masu albashi, kuma da yawa daga cikin masu yanke shawara a kamfanonin gem ɗin ma tsararrakinsu ne.

Masu karin magana sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. A nan dai maganar ta yi rabin daidai. Binciken da aka yi a jami'ar Southampton ta Ingila ya nuna kaɗaici da damuwa suna daga cikin abubuwan da ke tayar da kewa, amma kuma kewar kanta tana rage wa mutum jin cewa shi kaɗai ne, domin abin da yake tunowa kusan kullum da mutane a ciki. Ka saurari mai ba da labarin tsohon gem da kyau. Zai fara da sunan gem ɗin, kafin ya kai jimla ta uku ya koma kan yayansa da ke ƙwace masa hannun gem, da abokin da ke cin kowa, da ƙa'idar nan ta wanda aka ci ya miƙa hannu ya koma layi.

Shin na da ɗin sun fi na yanzu?

A nan gardama ta fi zafi, kuma a nan ne masu kewa suka fi yaudarar kansu.

Abin da ake tunawa shi ne wanda ya tsira. Ana tuna Pac-Man na 1980 da Tetris, wanda Alexey Pajitnov ya ƙirƙira a Mosko a tsakiyar shekarun 1980, an manta da ɗaruruwan tarkacen da suka fito tare da su. Tarkacen nan sun yi yawan da a 1983 kasuwar gem ta Amurka ta durƙushe. A shekarar kamfanin Atari ya kwashi kaset-kaset ɗin da suka yi kwantai ya binne a juji a garin Alamogordo na jihar New Mexico. An yi shekaru wasu na cewa tatsuniya ce, sai a 2014 aka tona aka same su. Zamanin da ake yi wa kirari da kansa ya haƙa rami ya binne nasa.

Wahalar da ake yabo ita ma tana da tarihi. Injinan gem na tsaye, waɗanda ake jefa wa sulalla, an tsara su ne don a kashe ka da wuri ka sake jefa wani. Da gem ya shigo gida sai wahalar ta biyo shi, don kaset ba ya ɗaukar abu mai yawa, hanyar da za a sa wasan awa ɗaya ya kai wata guda kuwa ita ce a riƙa mayar da kai farko. Masu kukan cewa gem ɗin yau tatsar kuɗi ne suna da gaskiya, amma tatsar ta girmi intanet.

Na gwada da kaina. Na samo wani gem na faɗa da na yi shekaru ina ba da labarinsa, na kunna, ban kai minti ashirin ba na kashe. Jarumin yana tafiya kamar an ɗaura masa dutse, kiɗan da nake ji a kaina kamar na taron biki ashe 'yan ƙararraki ne guda huɗu suna maimaita kansu. Gem ɗin yana nan yadda na bar shi. Waɗanda muke zama tare a gabansa ne babu.

Duk da haka ba komai ne yaudarar zuciya ba. Ƙarancin wuri ya tilasta wa masu ƙirƙira dabara. Super Mario Bros. na 1985 gaba ɗayansa bai wuce kilobayit 40 ba, bai kai hoto ɗaya na wayar yau ba. Don tsimin wuri, gajimaren da ke sama da ciyayin da ke ƙasa zane ɗaya ne, launi kawai aka sauya. Wanda ba shi da wurin ɓarnatarwa dole ya sa hankali a kan abin da ke riƙe ɗan wasa: yadda tsalle yake, yadda maɓalli ke amsawa, yadda mataki na farko zai koya maka wasan ba tare da rubutu ba. Shi ya sa waɗanda suka tsira suka tsira da ƙarfinsu. A Disamban 2023 wani yaro ɗan shekara 13 a jihar Oklahoma ya buga Tetris na NES, tsohuwar na'urar gem ta Nintendo, har ya kai mataki na 157, inda gem ɗin ya sandare, abin da ba a taɓa ganin ɗan Adam ya yi ba. Kaset ɗin ya fito a 1989. Yaron ba shi da wata bara da zai tuna, wasan ne ya kama shi.

Akwai kuma wani abu da ke ruɗa mutane idan suka ga tsohon gem a sabuwar talabijin ya yi muni. An zana hotunan ne don tsohuwar talabijin mai ƙeya, wadda ke narkar da ɗigo-ɗigon hoto su haɗu su yi laushi, kuma tana nuna motsi nan take. Sabuwar mai faɗi tana fito da kowane ɗigo da kusurwarsa, wani lokaci da ɗan jinkiri tsakanin danna maɓalli da motsin. Wanda ya ce a da ya fi kyau, a wannan gaɓar ba ƙarya ya yi ba. Hura iska a cikin kaset kuwa, wanda duk duniya aka yi, ba shi ne ke gyara shi ba. Cirewa da mayarwa ne ke daidaita haƙoran ƙarfen, danshin baki ma tsatsa yake jawowa.

Hanyoyi huɗu da ake cakuɗawa

Idan aka ce tsohon gem ya dawo, ana iya nufin abubuwa dabam-dabam. Akwai ƙaura, wato a ɗauko shi yadda yake a sa ya yi aiki a sabuwar na'ura. Akwai gyaran fuska, a goge hotuna da sauti a bar ƙashin wasan. Akwai sabon gini, a rushe a sake daga tushe, labari da suna kawai za su rage, kamar yadda Capcom ya yi wa Resident Evil 2 na 1998 a 2019. Gyaran fuska ba kullum yake kyau ba. Da aka sake fitar da tsofaffin Grand Theft Auto guda uku a Nuwamban 2021, kurakuran sun yi yawan da sai da kamfanin Rockstar ya fito ya ba da haƙuri, ya kuma mayar da na asalin kasuwa a kwamfuta bayan ya janye su.

Ta huɗun ita ce mai rigima: manhajar kwaikwayo, wadda ake kira emuleta. Aikinta ta sa waya ko kwamfuta ta yi kamar ita ce tsohuwar na'urar. A Amurka, shari'ar Sony da kamfanin Connectix a 2000 ta nuna cewa ƙera irin wannan manhaja ba laifi ba ne a kan kansa. Ba a nan gizo ke saƙar ba, a kwafin gem ɗin ne, domin haƙƙin mallakarsa na nan daram ko da an yi shekara talatin ba a sayar da shi. Kuma idan manhajar tana fasa makullin da kamfani ya sa, hukunci ya sauya. A 2024 masu emuletar Yuzu, mai kwaikwayon na'urar Switch ta Nintendo, sun amince su biya Nintendo dala miliyan 2.4 su rufe. Abin dariyar shi ne kamfanonin da kansu emuleta suke amfani da ita idan za su sake sayar maka da tsofaffin wasanninsu.

Kasuwar kewa

A Nuwamban 2016 Nintendo ya fitar da wata 'yar ƙaramar NES da ke zama a tafin hannu, da wasanni 30 a ciki. Ta yi ta ƙarewa a shaguna, kuma kafin a dakatar da ita a Afrilun 2017 an sayar da miliyan 2.3. Sony ya biyo da ƙaramar PlayStation a 2018, Sega da ƙaramar Mega Drive a 2019. Wayar Nokia 3310 ma an sake fito da ita a 2017, da macijinta.

Labarin da ya fi burge ni shi ne na World of Warcraft. Gem ne na intanet da ya fito a 2004, aka yi ta sauƙaƙa shi shekara bayan shekara. Masoya suka dage a dawo musu da na farkon mai wahala, wani babba a kamfanin ya taɓa ce musu a bainar jama'a suna zaton suna so ne amma ba sa so. A 2019 aka dawo da shi. Cunkoson ya kai mutum ya yi awoyi yana jiran shiga, kuma a cikin gem ɗin an ga 'yan wasa sun yi dogon layi a natse, kowa na jiran a zo kansa ya kashe dodo ɗaya. Wahalar ce ke sa dole ka nemi taimakon baƙo, daga nan sabo ya shiga. Da aka sauƙaƙa wasan sai kowa ya wadatu da kansa.

Sai kuma ɓangaren 'yan gwanjo, wanda a ganina ba shi da alaƙa da wasa ko kaɗan. A Yulin 2021 an sayar da kaset ɗin Super Mario 64 da ba a taɓa buɗewa ba a kan dala miliyan 1.56, wata guda bayan nan wani na Super Mario Bros. ya kai miliyan 2. Ranar da aka buɗe kwalin darajarsa ta zube, don haka ba za a taɓa buga shi ba. Farashin irin waɗannan ya faɗi daga baya, har aka kai ƙara kotu ana zargin an hura kasuwar da gangan. Amma kafin nan tsadar ta riga ta gangaro kan kaset na gama-gari, wanda mai son wasa kawai yake nema.

Me ya dawo da mutane tebur?

Wasan tebur bai taɓa mutuwa ba, ballantana a ce ya tashi. Ludo ya samo asali daga wasan Pachisi na Indiya, aka yi masa rajista a Ingila a 1896. Monopoly ya fito a 1935, tushensa kuwa wasan da wata mata, Lizzie Magie, ta yi wa rajista a 1904 don ta nuna illar tara filaye a hannun mutum ɗaya. Abin da ya sauya shi ne salon ƙirƙira, kuma daga Jamus sauyin ya taso. Tun 1979 ake ba da kyautar gwarzon wasan shekara a can, ana kuma yin baje kolin wasanni a birnin Essen tun 1983, wanda yanzu ke tara mutum wajen dubu 200. A 1995 Klaus Teuber, mai sana'ar ƙera haƙoran roba, ya fitar da Catan, wanda aka sayar da fiye da kwafi miliyan 30. Dabarar irin waɗannan wasanni ita ce ba a fitar da kowa tun da wuri ya koma ɗan kallo, wasa yana ƙarewa cikin awa ɗaya ko biyu, kuma ko ba kai ke da jifa ba kana cikin ciniki da na kusa da kai.

Akwai kuma Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a 1974. Shi kusan tatsuniya ce ta haɗin gwiwa: mutum ɗaya yana ba da labari, sauran kowa ya ɗauki jarumi yana faɗin abin da zai yi, a jefa ɗan ludo mai fuskoki da yawa ya raba gardama. Yawancin gem ɗin bidiyo masu jarumi da ke ƙara ƙarfi mataki-mataki daga nan suka gaji tsarin. A shekarun 1980 an yi ta zarginsa a Amurka da koyar da tsafi, yau kuwa mutane na zama su kalli wasu suna yinsa a intanet na awoyi.

In ka lura, abubuwa biyun da mai kewar tsohon gem ke nema duk suna kan tebur. Na farko zama wuri ɗaya. A da ana raba fuskar talabijin gida biyu ko huɗu, kana jin numfashin wanda kake fafatawa da shi, kana zarginsa da leƙen ɓangarenka. Gem ɗin yau ya haɗa ka da mutum ɗari a nahiyoyi uku, kowa a ɗakinsa. A tebur kuwa dole ka ga fuskar wanda ya yi maka alkawarin ba zai taɓa ka ba, sannan ya taɓa ka. Na biyu mallaka. Kwalin da ka saya naka ne, babu sabar da za a kashe, kuma in ƙa'ida ba ta yi muku ba ku sauya ta a tsakaninku.

An ga ƙarfin wannan a Janairun 2023, lokacin da kamfanin Wizards of the Coast, mai Dungeons & Dragons, ya yi yunƙurin sauya lasisin da tun 2000 ya bai wa kowa damar rubuta ƙarin labarai a kan wasan. Masoya suka yi ca, suka fara soke rajistarsu ta wata-wata, cikin 'yan makonni kamfanin ya janye. Sun iya yin barazanar ne don littattafan suna hannunsu, ko kamfanin ya rufe gobe za su ci gaba da wasansu. Masu The Crew ba su da wannan makami.

Kada dai a wanke tebur tas. Magic: The Gathering, wanda ya fito a 1993, shi ya yaɗa sayar da katuna a rufaffiyar leda, ka biya ba ka san me ke ciki ba. Akwatunan sa'a na cikin gem, waɗanda Beljiyam ta ɗauka a matsayin caca a 2018, jikokin wannan ledar ne.

Hujjar kowane ɓangare

Kamfanoni suna da abin faɗa, kuma ba duka ne kame-kame ba. Riƙe sabar kuɗi ne. Gem ɗin tseren mota yana ɗauke da sunayen motoci da waƙoƙi da aka yi hayarsu na wasu shekaru, in wa'adi ya cika sai an sake biya. Wasu tsofaffin wasannin ma kamfaninsu ya mutu, an sayar da kadarorinsa sau uku, gano mai haƙƙin kansa aiki ne. Ƙungiyar kamfanonin gem ta Turai ta amsa koken da cewa tilasta musu hakan zai sa ƙera wasannin intanet ya yi tsada ƙwarai, kuma sabar da ba ta hannunsu ba za a iya tsare bayanan mutane a cikinta ba. A Amurka kuma, a Oktoban 2024, ofishin haƙƙin mallaka ya ƙi amincewa ɗakunan karatu su riƙa bai wa masu bincike damar buga tsofaffin wasanni daga nesa, bayan kamfanoni sun nuna fargabar mutane za su mayar da abin wurin shaƙatawa kyauta.

Masu adana tarihi kuma suna cewa lokaci ba ya jira. Batirin da ke cikin kaset yana mutuwa ya tafi da abin da aka ajiye, faifai yana lalacewa, na'urori suna ƙarewa. Suna kafa hujja da finafinan farko marasa magana, waɗanda mafi yawansu suka salwanta don ba wanda ya ɗauke su da muhimmanci a lokacin.

Ni dai hujjar tsada ta fi gamsar da ni a kan gem ɗin da dubban mutane ke bugawa tare. A kan wanda mutum ɗaya zai iya bugawa shi kaɗai, ba ta da ƙarfi, kuma Ubisoft da kansa ya yi alkawarin sa wa The Crew 2 hanyar bugawa ba intanet bayan hayaniyar, alamar abin mai yiwuwa ne tun farko. A shekarun 1920 Leonard Woolley ya tono wani allon wasa a kaburburan birnin Ur da ke kudancin Iraƙi, mai shekara kusan 4,500. Daga baya Irving Finkel na gidan tarihin Birtaniya ya karanto ƙa'idojinsa daga wani allon yumɓu da aka rubuta a shekara ta 177 kafin haihuwar Annabi Isa. Yau ana buga wasan Ur. The Crew bai cika shekara goma ba.

Abin da ya shafi mai saye

Abu na farko shi ne sanin me kake biya. Idan ka danna maɓallin saye a shagon intanet, a mafi yawan lokuta lasisi ka karɓa, izinin amfani wanda ke da sharuɗɗa. Jihar Kalifoniya ta yi dokar da ta fara aiki a 2025, wadda ta hana shagunan nan amfani da kalmar saye ba tare da sun bayyana hakan ƙarara ba, kuma tun a Oktoban 2024 shagon Steam ya fara rubuta wa masu saye cewa lasisi suke biya. Kayan aro ba ya rufe katara. Tsarin biyan kuɗin wata-wata ya fi sauƙi ga aljihu, kana samun ɗaruruwan wasanni, amma ana cirewa ana sakawa ba da shawararka ba, ranar da ka daina biya kuma ka tashi hannu rabbana. Akwai shaguna irin GOG da ke sayar da gem ba makulli, ka sauke ka adana a wurinka.

Ga iyaye kuma, tsohon gem yana da wata fa'ida da ba a cika faɗa ba: yana ƙarewa. Ba ya neman katin banki, ba ya turo saƙo cewa in ba ka shigo yau ba ka yi asarar kyauta, ba baƙon da zai yi wa yaro magana ta ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya kamuwa da gem a jerin cututtukanta a 2019, tana mai cewa kaɗan ne daga cikin masu bugawa abin ke shafa, kuma ma'aunin shi ne ya danne sauran harkokin rayuwa na tsawon lokaci. Ko yaron zai so abin da uban ya so, wannan wata magana ce. Sau da yawa minti goma zai yi ya ce hoton ba kyau.

Riƙe kwali a hannu ma ya fara daina zama tabbaci. Faifai da yawa yanzu ɓangaren gem ɗin kawai suke ɗauke da shi, sauran sai an sauke. Da Switch 2 ta fito a Yunin 2025 ta zo da wani sabon nau'in kati, wanda wasu kamfanoni da ke fitar da wasanni a kanta suka runguma: ga kwali, ga kati, amma babu gem a ciki, makulli ne kawai na saukewa daga intanet. Kana iya ba da aronsa ko ka sayar, muddin sabar na nan. Nintendo ɗin da ya fito da wannan tsari an kafa shi ne a birnin Kyoto a 1889, kuma sana'arsa ta farko buga katunan wasa na takarda masu zanen furanni, waɗanda har yau yake sayarwa.